Kwanona da Hular Dakta

Ta hannun Dakta Lurwanu Gidaɗo,
Malaz, Riyad.
Maris, 1986.

Zuwa ga Yayata Hajjo,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, ta sake ta? Yaya Yawuri, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kin yi mini tsiya a wasiƙarki, wai mijina likitan kifi ne aka kai shi garin da ko kwaɗo babu. Na karanta wa Dakta, ya yi dariya har ya ƙware. Da gaskiyarki, Riyad ba kogi. Ofis ne a nan, teku kuwa tana can gabas, tafiyar rabin yini a mota. Amma bari in gaya miki aikin, ki daina cewa zaman kashe wando yake yi. Tekun ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Kowa da jiragensa, kowa na jan taru yana cewa in bai kwashe ba maƙwabci zai kwashe, har abin da ke ciki ya fara ƙarewa. Shi ne gwamnatocin suka haɗa kai a riƙa rufe kamun jatan lande na wasu watanni ya samu ya hayayyafa, kamar yadda Sarkin Ruwa ke rufe gurbi a gida sai ranar bikin kamun kifi. In an kama jirgi, Dakta ake kira ya duba abin da ke ciki, ya faɗi ko an karya doka. Kuma ba ya wasa da abin. Ya ce har yau bai manta shekarar da babansu ya riƙa dawowa da kwalekwale fayau ba, bayan an cika kogin Kwara da taru mai ƙananan ido.

Yanzu ga maganar da ba na son ki karanta a gaban Inna. Ki fara nema mini zanen goyo. In Allah ya yarda, wajen babbar salla. Laulayin ya wuce, sai dai ya bar ni da kwaɗayi, kuma duk abin duniya ba abin da raina ke so sai jatan landen nan da aka rufe, wanda a nan suke kira rubyan. Ba busasshe irin na miyar gida ba, sabo, irin wanda na ci bara a Dammam. Dakta ya sayo mini na firjin kanti, na ji kamar ina tauna soso. Sabo kuwa ya ce ko a kasuwar Utaiƙa aka gan shi yanzu na sata ne, ba zai shigo gidansa ba. Kin ji mutumin da na aura.

Ummu Fahad, matar mudirinsu, wato shugaban ofis, ta zo duba ni da kwandon dabino. Mace ce mai kirki da surutu. Da guntun Larabcina da nuni da hannu muka fahimci juna. Ta ce a wurinsu in mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, da hotonsa a jiki ɗan ke fitowa, har ta jawo ɗiyarta ta nuna mini tabon inabi a wuya. Yaya, inabi da sauƙi. Ni fa abin kwaɗayina mai gashin baki ne!

Ki gaishe da Inna da kowa.

Taki ƙanwa,
Hamsatu.


Malaz, Riyad.
Afrilu, 1986.

Yaya Hajjo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya, kuma maganin Inna ya iso. Albishirinki! Na ci rubyan har na lashe cokali.

Dakta ya tafi gabas, an kama wani babban jirgi. Yana can sai ga harisin gidanmu, mai tsaron ƙofa, ya ƙwanƙwasa, wai ga direba a ƙasa da saƙon gidan Dakta Lurwanu daga wani abokinsa na bakin teku. Kula ce, Yaya, sai da mutum biyu suka kama. Ina buɗewa na ga rubyan a kan ƙanƙara suna sheƙi, ƙamshin teku ya cika ɗakin. Na ce lalle Dakta ya ji tausayina, kunya ce ta hana shi kawowa da kansa. Ai kuwa har na yi ƙwalla.

Kin san tarbiyyar Inna, ɗan aike ba ya komawa hannu rabbana. Na duba na rasa abin da ya dace, sai na ɗauko sabuwar hular Dakta, zannan nan mai ruwan toka da kika aiko masa, na haɗa da kwalbar turare na ba haris ya miƙa tukwici.

Sauran kuma kin sani. Ta yaya zan rufe ƙofa in ci wannan ni kaɗai a garin mutane? Na kira Balki, ƙawata nas ɗin nan 'yar Zariya, muka wuni muna ɓara muna suya. Na yi dafa-duka da yajinki na daddawa. Mijinta Salmanu ya zuba kwanuka a bayan mota, bai bar gidan ɗan Nijeriya ko ɗaya da muka sani ba, har na ofishin jakadanci. Ummu Fahad kuwa na zuba mata a samirata mai jan fure, wadda kika zaɓa mini a kayan jere, kika rubuta sunana a gindinta da jan farce don kada ta ɓace a gidan biki. Na ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, ɗan ya tsira daga gashin baki.

Kwanuka sun fara dawowa, wani da ƙwai, wani da sabulu. Ina ɗokin Dakta ya dawo in yi masa godiya. Na ajiye masa nasa.

Ki gaishe da yara.

Taki,
Hamsatu.


Malaz, Riyad.
Cikin Azumi, 1986.

Yayata,

Ina gaishe ki da ibada. Yaya shan ruwa, yaya jikin Inna? Ni likita ta hana ni azumi. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, abin ne ba daɗin faɗa.

Ba Dakta ne ya aiko da kular ba. Mai jirgin da aka kama ne.

Da ya dawo na tare shi da murna, na ajiye masa kwanonsa. Ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa. Ya tambayi sauran, na fara lissafa masa gidaje ina jin daɗi, sai na ga ya zauna a ƙasa. Da na kai kan gidan mudir ya dafe kai. Da na kai kan hula kuwa, wallahi har ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Bai yi mini faɗa ba, Yaya, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi laifinsa ne da bai taɓa gaya mini akwai kyautar da ba a karɓa ba.

Gari na wayewa ya je ya gaya wa mudir komai da bakinsa. Bayanin da ya bayar a kan jirgin kuma bai sassauta ko kaɗan ba. Shi ne mai jirgin ya fusata, ya kai ƙara wai Dakta ya ci kayansa sannan ya juya masa baya, kuma yana da shaida a hannu. An dakatar da Dakta daga aiki sai kwamiti ya zauna bayan salla. In suka ce ya karɓi hanci, aiki ya tafi, iƙamarmu ta zama a ƙasar ta bi shi. Komawa gida ba ta dame ni ba, ai da na haihu a gabanki. Sunansa nake ji. Mutumin da ya hana matarsa mai ciki, a ce shi ne ya sayar da teku a kan kula guda, kuma duk ɗan Nijeriyan Riyad ya ci shaida da cokali.

Yana nan a gida, yana karatun Alƙur'ani, yana tambayata ko na sha magani. Ina kallonsa da tsohuwar hularsa, sai in shige kicin in yi kukana. Tsoron da nake ji shi ne ko ya fara jin kunyata a cikin mutane, ko yana ganin ya ɗauko baƙauya ya kawo birni.

Mutanenmu kam sun yi halacci, ba a rasa mai kawo mana kunu da ƙosai. Salmanu ya ce in za a ɗaure wanda ya ci, a tanadi babbar mota. Amma kwanukana duk sun dawo ban da ɗaya. Samirata tana gidan mudir har yau, Ummu Fahad kuma ko waya. Ke kin san abin da ake nufi in kwano ya ƙi dawowa.

Ki sa mu a addu'a, kada ki gaya wa Inna.

Taki,
Hamsatu.


Malaz, Riyad.
Ƙarshen Agusta, 1986.

Yaya Hajjo ta kaina,

Sallama da gaisuwa, da barka da salla. Ina fata kun yi layya lafiya. Na san saƙon waya ya riga ya iso muku, to ga cikakken bayani. Mace ce, an sa mata sunan mamar Dakta, Habiba. Balki ta juya ta gaba da baya, ba gashin baki, ba ƙafafu goma. Hancin Inna ne sak.

Batun kwamiti kuwa, an yi ta ɗagawa har sai da cikina ya tsufa. Dakta bai ba ni labari ba, Salmanu ne ya raka shi ya zo ya kwashe mana komai, yana yi yana kwaikwayon kowa. Wakilin mai jirgi ya buɗe jaka da ƙasaita ya ajiye hular Dakta a kan tebur, ya ce ga abin da gidan ya bayar don nuna an karɓa an gode. Aka tambayi Dakta ko tasa ce, ya ce tasa ce.

Sai mudir ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kujerarsa ya ɗora kusa da hular. Yaya, samirata ce! Ashe tun ranar da Dakta ya kai kansa, mudir ya ɗauke ta daga gida ya kulle a ofis, ya kuma hana matarsa nemana har a gama, don kada a ce sun haɗa baki. Ya gaya wa kwamiti shi ma ya ci wannan rubyan a gidansa, har ya nemi ƙari, yana zaton na kanti ne, in ci ne laifin a fara da shi. Ya kife kwanon ya nuna musu rubutunki na jan farce, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya karɓi hanci ya dafa, ya raba wa gari, ya aika wa shugabansa da sunan matarsa a gindin kwano ba. Ya ƙara da cewa mutumin ya kawo kansa tun kafin kowa ya yi ƙara, kuma bai sassauta wa jirgin ba. Wani dattijo a cikinsu ya yi ta dariya har yana share ido da gefen ɗankwalin nan da mazansu ke yafawa a ka. An wanke Dakta, mai jirgi kuma ya ƙara wa kansa laifi na biyu. Kin ga jan farcenki ya yi aikin lauya.

Ranar suna an riga an buɗe teku. Dakta ya shigo da kula niƙi-niƙi, ta halal, ya jera mini kwanuka da hannunsa ya ce a raba kamar wancan karon, kada a tsallake gida ko ɗaya. Abin haushi, ni yanzu ko warinsa ba na so. Muna cikin haka sai ga Ummu Fahad da samirata a lulluɓe, cike da dabino, da 'yar riga a sama. Ta rungume ni tana ta ba ni haƙuri, sannan ta ƙwace Habiba ta shiga binciken bayan kunne.

Amma abin da na fi so ki ji shi ne wannan, kuma shi ma daga bakin Salmanu na ji. Da aka tashi daga kwamiti an miƙa wa Dakta hularsa. Ya ƙi karɓa. Ya ce a mayar wa direban, shi ɗan aike ne, ba ruwansa. Ya ce a garinsu in matar gida ta ba da tukwici ya bayu, kuma shi bai ga abin da matarsa ta yi ba wanda uwarsa ba za ta yi ba. A gaban manyan mutanen nan ya faɗa, da Larabci, a tsaye. Ni da nake ta tsoron yana jin kunyata! Na tambaye shi, ya ce Salmanu ya cika ƙari, ya juya yana wasa da Habiba. Amma hular dai ba ta dawo ba.

Saboda haka ga roƙona. Ki je wurin mai ɗinkin nan ki sa ya yi wata zanna, mai ruwan toka, wadda ta fi waccan kyau, ki ba duk wanda zai zo Umra. Kada ki ce daga gare ki take. Wannan ni zan sa masa da hannuna.

Ki gaishe da Inna, ki ce kishiyar hancinta na gaishe ta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Hamsatu, maman Habiba.