Na Yi Shiru Har Katin Kawu Ya Ƙone

Ina gaishe ku masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma mai shirin yi mini wa'azi ya ji ƙarshen zancen tukuna.

A gidan kawuna nake zaune a Kakuri. Da masaƙar da yake aiki ta sallame su, sai ya kwashi kuɗin sallamar ya sayi wayar hannu da layi, a lokacin da duk unguwarmu babu mai ita. Dalilinsa ɗaya: ɗansa Bulus soja ne, an tura shi aiki ƙasar waje, kuma wannan lambar kaɗai ya sani. Kawu ya loda kati ya zauna a kai kamar kaza kan ƙwai. Ba ya kiran kowa, sai filashin. Shi a ganinsa waya asusu ce. Turanci kuwa ba ya karantawa, duk saƙon da ya shigo ni yake miƙa wa.

Ranar da aka aiko cewa an kwantar da mamata a asibiti a Kafanchan, na durƙusa na ce, “Kawu, minti ɗaya kawai, in ji ko tana numfashi.” Ya ce, “Ke, katin nan na ranar wahala ne. Ubanki ya saya?” Wace wahala ce ta wuce wannan? Ƙanwarsa ce fa, ciki ɗaya! Kafin in haɗa kuɗin mota an binne ta. Tun ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Bayan haka saƙo ya shigo daga kamfanin waya: kwanakin katinsa sun kusa cika, in bai sa sabon kati ba, abin da ke ciki zai ƙone, daga baya a rufe layin. Ya ce, “Me suka ce?” Na kalle shi ido cikin ido na ce, “Gaisuwa ce, Kawu.” Suka sake turowa, na sake cewa gaisuwa ce. Katin ya ƙone ƙurmus, kuma wallahi ranar har ƙarin tuwo na yi. Su ma kamfanin ɓarayi ne, ina suka taɓa jin kuɗin mutum ya ruɓe kamar tumatir?

Amma ban yi tunanin Bulus ba. Layin ya mutu. Duk Lahadi bayan coci Kawu yana zaune a ƙofar gida da waya a cinya, ya rame, yana cewa ko an kashe masa yaro ne. Ina jin kunya, amma da na tuna “Ubanki ya saya?” sai zuciyata ta sake bushewa.

Jiya ya ce, “Gobe ki raka ni ofishin kamfanin wayar nan ki yi mini tafinta. Ke ce shaidata cewa ba su taɓa yi mini gargaɗi ba.” Saƙonnin kuwa suna nan cikin wayar, bai iya gogewa ba.

Me zan yi?