Yaron da Ake Kira Kiskadi

Ann's Grove, Guyana
4 ga Fabrairu

Zuwa ga matata Yonette,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya sanyin Toronto, ya jikin tsohuwar da kike jinya? Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Na ɗauki biro ne don in na kira ki a waya, kunnen Onika yana nan a miƙe kamar na zomo.

'Yarki ta jajibo mana aiki. A darasin shari'a an ce kowa ya yi bincike ya rubuto, ita kuma duk faɗin duniya ba ta ga abin ɗauka ba sai yara masu laifi, musamman tsohuwar dokar nan da aka soke, wadda uwa kan kai ɗanta gaban alƙali ta ce ya gagare ta da yawo, a tura shi gidan gyaran hali. Mako biyu ke nan ba ta bar kowa ya sha ruwa ba. Ta tambayi fasto, ta tambayi mai shago, har direban bas sai da ta tare.

Kin san abin da ke cina. Tun tana ƙarama nake ce mata a wurin kawuna na koyi aikin kafinta a hayin kogin Essequibo. Ke kaɗai na taɓa gaya wa cewa shekara uku na yi a tsare a can, kuma Mama ce ta kai ni. Ba kaina nake ji ba, ni na tsufa da abina. Mama nake ji. Tun tafiyarki ita ke riƙe da yarinyar nan, ɗaki ɗaya suke kwana, kuma kin san zuciyar Onika, irin taki ce, kada ma ki yi musu. Shekaranjiya muna cin shinkafa da wake ta ajiye cokali ta ce duk uwar da ta miƙa ɗanta ga hukuma da hannunta ba uwa ba ce. Mama ba ta ɗago kai ba. Ni kuwa na ture kwanona gefe.

Yanzu malaminsu ya haɗa ta da Mis Waveney, tsohuwar jami'ar kula da yara a Georgetown, wadda ta raka ni har cikin jirgin ruwan zuwa gidan gyaran halin a wancan lokaci. Asabar za ta je. In na hana ta, za ta tambayi dalili. Na rasa abin yi.

Ki sa mu a addu'a.
Mijinki,
Compton

12 ga Fabrairu

Maman Onika,

Ina gaishe ki, da fatan mura ta sake ki. Abin da nake gudu ya faru, amma ba ta inda na zata ba.

Mis Waveney ta riƙe amana daidai gwargwado. Ta ce doka ta hana a faɗi sunan yaro, don haka ta ɓoye sunana na takarda, ta ba da labarin da sunan da ake kirana da shi a unguwa, Kiskadi, tsuntsun nan mai shegen surutu. Mutuniyar birni ce, a ganinta na takarda shi ne suna. Ba ta san a ƙauye na takarda sai makaranta da kotu ba. Sa'ata ɗaya, tun dawowata babu wanda ya ƙara kirana da shi, Onika ba ta taɓa jin sa ba.

Ranar Lahadi bayan coci muna zaune a inuwar ƙarƙashin gidanmu mai ƙafafu, Mama na tsince shinkafa, Onika ta ɗauko littafinta tana murna ta fara karanto mana. Yaro ɗan shekara goma sha uku, bai yi sata ba, bai daki kowa ba, gudun makaranta kawai da kwana a bakin teku. Na daure, ina goge katako kamar ba da ni ake ba. Sai ta zo inda aka ce uwar ba ta taɓa zuwa duba shi ba har ya fito.

Mama ta dire tiren. Ta ce, "Ƙarya take yi. Sau biyar na haye kogin nan da gurasar rogo a ƙunshe, ina amai a jirgi. Shi ne ya ƙi fitowa."

Yonette, Onika ta dubi Mama, ta dube ni, ta ce, "Baba?" Na gyaɗa kai. Gaskiya Mama ta faɗa, ina jin ana kiran sunana a bakin ƙofa nake shigewa ɗakin aikin katako in ƙi motsi.

Tun ranar Onika ta kwashe katifarta ta koma falo. Abincin da Mama ta dafa ba ta taɓawa, sai biredi da shayi. Mama kuwa ta rame a kwana huɗu, amma ta ce ba za ta roƙi 'yar da ta yi wa wanka ba. Ni a tsakiya, wallahi na gaji.

Naki har kullum,
Compton

27 ga Fabrairu

Yonette tawa,

Gaisuwa da kewa. Na sami saƙonki, kuma na yi yadda kika ce, na zaunar da ita.

Na gaya mata yadda abin yake a lokacin. Mama na kasuwa tun asuba, mu 'ya'yanta huɗu, babanmu ya shiga dajin haƙar zinariya bai waiwayo ba. A unguwarmu in yaro ya gagara, kai shi ake yi a ɗan tsorata shi, ya ga kaki ya ga alƙali, a dawo da shi gida ya nutsu. 'Ya'yan maƙwabta biyu haka aka yi musu suka dawo da yamma. Abin da Mama ta je nema ke nan. Da alƙali ya ce shekara uku, zubewa ta yi a ƙasa tana cewa ta fasa, a ba ta ɗanta. Aka ce bakin alƙalami ya bushe.

Onika ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "To kai ka yafe mata?" Na ce mana, ai maganar ta wuce. Ta ce in haka ne in zo in faɗa a gaban Mama, ita kuma a ranar za ta mayar da katifarta. Kin ga irin 'yar da kika haifa mini.

Muka sami Mama a kicin tana kankare kwakwa. Na tsaya a kanta, ƙato da ni, da furfura a gemu. Na buɗe baki. Shekara talatin da biyu ina cin tuwonta, na yi mata rufin gida, na kai ta asibiti, amma kalmar nan ta ƙi fitowa. Ban san tana nan daskare ba sai ranar. Mama ba ta daina kankara ba, ta ce, "Onika, ƙyale shi. Kada ki sa ɗana ya yi ƙarya saboda ni."

Yarinyar ta fashe da kuka, ta durƙusa ta rungume ta. Da kanta ta ja katifar ta mayar ɗaki. Jiya ta miƙa aikin makarantar, ta canza wa yaron suna, ta ƙara shafi biyu a kan iyaye mata.

Don haka ki kwantar da hankalinki, Mama ta samu jikarta, har ta soma cin abinci. Saura ni. Kullum da safe in zan fita aiki nakan tsaya a ƙofar ɗakinta in ce yau zan faɗa, sai in ji kaina ina tambayarta ko akwai abin da zan sayo mata a hanya. Ita kuma ta ce babu.

Allah ya dawo mini da ke lafiya.
Mijinki mai kewarki,
Compton