Katin Mai Jinya

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya na je asibitin. Mai gadi ya tare ni a ƙofa, wai in nuna katin mai jinya. Na ce masa ni ne mahaifin wadda aka yi wa aiki a gado na shida. Ya duba littafinsa, ya ce ai mahaifinta yana ciki tun safe. Haka na zauna a benci da ledar lemo a cinyata har ƙarfe huɗu, lokacin 'yan ziyara.

Ban ga laifin mai gadi ba. A takardar da ta cike kafin a shiga da ita, inda aka ce a rubuta wanda za a kira, sunanka ta sa, da hannunta. Ni sai bayan kwana biyu na ji a bakin matarka.

Shekara talatin na yi ina koyar da darasin amfanin iyali ga al'umma. Ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa iyali ne ke renon yaro, ya koya masa zama da mutane, ya zama mafakarsa ranar da duniya ta yi masa zafi. Na kayar da ɗalibai da yawa a kan wannan tambayar. Kai kuwa daga aji uku ka kama zarto. Amma da uwar yarinyar nan ta rasu na tafi ƙaro karatu, na ce ka riƙe min ita shekara biyu, biyun ta zama tara. Na dawo da digiri, ta gaishe ni kamar baƙo, ta koma gindin teburinka tana wasa da garin katako.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka. Da na shiga jiya, da Malam ta kira ni, kamar ɗalibaina. Kai kuwa kafaɗa kawai ta motsa, ka tashi ka gyara mata matashi. Na tsaya na rasa inda zan sa hannuwana. Lemon ma ashe likita ya hana ta.

Na ji ran Asabar kana da aikin kafa ƙofofi da ba zai ɗagu ba. Kati ɗaya suke bayarwa. Ka ara min shi na yini guda. Kada ka tambaye ta, don ba na son jin amsar. Ka haɗo min da takarda, ka rubuta abin da take so da wanda ba ta so.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Katin ya iso tare da takardar. Shafi biyu ka cika da wannan mummunan rubutun naka, kuma babu layi ɗaya a ciki da na taɓa sani. Ashe ba ta iya barci sai an rufe mata ƙafafu.

A ƙasa ka rubuta cewa ita ce ta ce a kawo min katin. Ban yarda ba. Na san halinka tun kana ƙarami, kana iya ƙarya don kada ran mutum ya ɓaci. In ƙarya ce, ka riƙe ta da kyau, kada ka taɓa faɗa min.

Ran Asabar ƙarfe bakwai na safe zan kasance a ƙofar asibitin.

Naka,
Yayanka