Tagar Ɗakin Inna

Yaya Zara'u,

Gaisuwa daga Kotonu. Ya jikin Inna, ya zafin garinmu Maijirgi? Na ji gero ya bushe a tsaye. Allah ya kawo sauƙi.

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Aikina ɗaura fanka a akwatin kwamfuta: ta gaba ta jawo iska, ta baya ta fitar da zafi, lagireto mai sanyaya injin a sama.

Ɗakin Inna kuwa ƙofa ɗaya gare shi. Tun hawan sojoji mulki iyakar ƙasa take rufe, ba halin zuwa. Don Allah ki sa Jatau magini ya huda mata taga ta baya, can sama. Kullum ina yi wa ƙarfe fifita, wadda ta haife ni tana kwance cikin gumi.

Ƙanenki,
Salifu