Amsar da Na Ba Lenart

Podstena, tsakiyar Janairu

Zuwa ga Yaya Silva,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Dušan da jikoki. Yaya ciwon bayan Dušan, ya daina ƙorafi? Da kunnenki yana jin waya da na huta da rubutu, amma tunda ina ihu kina cewa "wa ke magana?", to ga takarda.

Na iso lafiya. Tun daga garin da ke kwari, a gindin tsaunuka, ni kaɗai ce a bas. Lenart yana tsaye a gaban coci yana jirana, riƙe da wasu manyan takalma da safa mai kauri. Ko sannu da zuwa bai yi min ba, sai ya dubi ƙafata ya ce, "Wannan takalmin na zuwa biki ne, Marjeta. Zauna ki cire." A kan matakalar coci na sauya, direba yana kallo yana dariya.

Kin rubuto kina tambaya ko hankalina ɗaya, mace ta haura sittin ta bar ɗakinta a bakin teku ta bi namiji cikin tsaunuka. Yaya, ban bi shi ba tukuna. Tun da muka haɗu bara a wurin wankan ruwan zafin nan na magani da aka tura ni bayan aikin gwiwa, bai taɓa gaya min abin da ba haka yake ba. Da ya yi min maganar aure na kusa amsawa a take, shi ya tare ni. Ya ce kada in ce komai sai na zo na kwana biyu a garinsu cikin sanyi, na ga abin da zan aura tare da shi.

To, na gani. Tun Nuwamba rana ba ta ƙetaro dutsen da ke bayan gari ba, wai sai wata mai zuwa. Da tsakar rana kina hango ta a kan gangaren da ke ƙetaren tafki, kamar wutar gidan maƙwabta. Bakin tafkin ya daskare, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Gidajen masu zuwa hutu duk a garƙame, mu da muka rage bas ɗaya zai kwashe mu.

A gidan yayarsa Pepca nake kwana, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ita ta yanke haka, wai kada Fada, limamin cocin, ya samu abin wa'azi ran Lahadi. Ta kusa tamanin, ba ta taɓa aure ba, bakinta kuwa bai tsufa ba. Da ta gan ni ta ce, "Ke ce 'yar bakin tekun? Lenart, ai ka ce min yarinya ce."

Ya ce, "Cewa na yi ta fi ni yarinta."

Ta ce, "Dutsen can ma ya fi ka yarinta. Shigo, amarya. Kin iya hura wuta?"

Ban iya ba. Yanzu na iya, bayan na sha zagi.

Shekaranjiya ya kai ni wurin ƙudan zumarsa, dusar ƙanƙara har gwiwa. Ya sa na kara kunne a jikin katakon amya. Na ɗauka duk sun mutu, sai na ji su can ciki suna ta zuuu a hankali. Da muka dawo ya dafa miyar kabeji mai tsami da wake, ya hana ni taɓa ko ludayi. Ke kin saba Dušan ya haɗa miki shayi. Ni tun da nawa mijin ya kwanta, Allah ya jiƙan Bogdan, babu wanda ya ajiye kwano a gabana ya ce in ci. Sai da na juya fuska wajen taga.

Ina ganin zan amsa masa. Kada ki gaya wa Dušan tukuna.

Ki shafa min kan yaran.

Ƙanwarki,
Marjeta


Podstena, ƙarshen Janairu

Yaya Silva,

Ina gaisuwa, da fatan mura ba ta shiga gidanku ba. Ni jiki lafiya lau. Yau aka buɗe hanya, wataƙila ma in riga wannan takarda sauka kwari.

Makon jiya dusar ƙanƙara ta zafto daga dutse ta toshe hanyar. Mutanen nan ko a jikinsu, wai duk shekara haka take yi. Washegari da safe Pepca ta fita zuba wa kaji tsaba, santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa. Ni na same ta, ƙafa ɗaya ta juya waje. Kallo ɗaya na san ƙugu ne ya karye. Ta ce, "Kada ki tsaya kina kallona kamar kifi, kira min yaron nan." Lenart take nufi.

Motar asibiti ba ta da hanya, jirgi mai saukar ungulu kuma hazo ya hana shi tashi. Aka ce a kai ta ƙetaren tafki, can hanya a share take. Maza suka ɗora ta a kan ƙyaure, suka fasa ƙanƙarar bakin ruwa da gatari, aka turo kwalekwale. Duk cikinsu babu wanda bai yi furfura ba. Wani ya ce shi zai tuƙa, Lenart ya ce yayarsa ce. Na shiga na ɗora kanta a cinyata. Duk faɗin ruwan nan tana zaginsa, wai tuƙinsa kamar na mai juya miya, yana cewa, "To, Yaya." In ta yi shiru sai ya tsokane ta don ta ci gaba.

Mun kai, aka sa ta a mota. Da na waiwayo sai na ga Lenart zaune a kan dusar ƙanƙara, fuskarsa ta yi toka-toka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan yana laluben aljihu. Ya ciro ƙwaya ya sa a ƙarƙashin harshe. Yaya, ni na san wannan laluben. Ya ga na gani, ya ce, "Tsohon ciwon zuciyar nan ne, yanzu zai wuce. Ai na gaya miki tun a wurin ruwan zafi." Ya gaya min kuwa, amma a lokacin a kujera yake zaune yana shan shayi.

Ke kaɗai kika san shekarun da na yi da Bogdan: ɗagawa, juyawa, wanki, barci a kujera. Can bakin teku kuma asibiti yana bayan layinmu. Muna dawowa a kwalekwale, wani daban ke tuƙawa, ina ta ganin kaina a gidan nan da mara lafiya, hanya a toshe, babu kowa sai tsofaffi da gatari.

Jiya na ba shi amsa. Yana jera itace kusa da murhu, na ce, "Lenart, ba zan iya ba."

Ya ce, "Saboda abin da kika gani ranar nan ne?"

Ta yaya zan dubi mutum in ce masa ina gudun ranar da zai kwanta? Na ce, "A'a. Duhun nan ne da sanyi. Gwiwata ma ta dame ni."

Ya ci gaba da jera itacensa. Can ya ce, "Ai shi ya sa na ce ki zo. Kin kyauta da kika gwada." Sai ya tambaye ni wace zuma zan tafi da ita, mai duhu ko fara.

Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Gobe zan hau bas. Na yi daidai, ina ta gaya wa kaina haka tun jiya.

Ki gaishe da mutan gida.

Taki,
Marjeta


Koper, watan Maris

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga wasiƙarki. Na gode da ba ki ce ai kin faɗa min ba, ko da yake na san Dušan ya faɗa a madadinki.

Nan rana ta fito, mutane sun fara zama a bakin ruwa. Ni kuwa tun da na dawo ban zauna daidai ba. In dafa abinci in bar shi a tukunya. Da safe in zabura zan hura wuta, sai in tuna a nan maɓalli ake murɗawa.

A watan jiya na hau jirgin ƙasa na je asibitin kwari duba Pepca. Ta rame, amma bakin yana nan. Ko zama ban yi ba ta ce, "Wai sanyi ne ya kore ki? Ke da kika riƙe kaina a kan ruwa ko safar hannu babu? Shi sakarai ne ya yarda. Ni ban yarda ba." Sai na ɓare mata lemo.

Maganarta ta yi ta bina har makon jiya, da na haɗa kayana a akwati na kira Lenart a waya. Na ce ba zan koma gidansa da ƙarya ba, don haka na gaya masa duka: ƙwayar, da hannunsa a ƙirji, da abin da na gani a raina muna dawowa.

 Ya ce, "Da kin faɗa min a ranar."

Ashe tun bayan rasuwar matarsa ya sauka kwari ya shirya da gidan kula da tsofaffi, cewa duk ranar da ya kasa tashi su zo su ɗauke shi. Pepca ta sani, Fada ya sani. Ya ce ya ga yadda jinya ke cin mutum, ba zai bari kowa ya ɗaga shi ba, balle ni. Na ce me ya sa bai gaya min ba? Ya ce, "Ba maganar da ake yi wa mace a wurin neman aure ba ce. Kuma da na tambaye ki, kin ce sanyi ne."

Na ce, "To ga ni nan zuwa. Akwatina a ɗaure yake."

Ya ce, "A'a, Marjeta."

An sallamo Pepca, Yaya, kuma likita ya ce ba za ta sake takawa ba. Ta ƙi gidan tsofaffi ƙememe, shi kuma ya kasa tilasta mata. Ya dawo da ita gidansa, ya sa mata gado kusa da murhu. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke wanki, da wannan zuciyar tasa. Na ce ai na fi shi iya wannan aikin, ya bar ni in zo in kama masa.

Ya ce, "Na san kin iya. Amma yanzu na ji da bakinki abin da ya kore ki. In kin zo ba aure kika zo ba, jinya kika zo. Kin yi naki, ba zan sa ki sake ba."

Ina jin Pepca can ciki tana cewa, "Wa ne? In 'yar bakin teku ce ka ce ta zo, kai ko matashi ba ka iya gyarawa ba." Ya ɗan yi dariya, ya ce ana kiransa, ya ajiye wayar.

Da na faɗi gaskiya a Janairu da yanzu ina can. Na bari sai ranar da gaskiyar ce za ta rufe min ƙofa. Na sake kira bayan kwana biyu. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gwiwata, amsar kuma ba ta canza ba. Na san shi, ba fushi yake ba, da fushi ne da sai in jira ya huce.

Akwatin yana nan a bakin ƙofa, kewaye shi nake yi in zan fita. Ki zo ran Lahadi ki kwance min shi, ni na kasa. Ki zo ke kaɗai.

Ƙanwarki,
Marjeta