A Sauke Bidiyon Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma mun gode Allah, masu ta'aziyya sun fara raguwa. Ka tambaye ni a waya yadda abin ya faru, bakina ya kasa. To ga shi.

Ka san Auta ne ke rubuta wa abokansa gajerun wasannin da suke sakawa a waya. Yakan zauna bakin gadona ya karanta mini, in ban yi dariya ba ya yage takardar. Ya ce in ba a firgita mai kallo tun farko ba, yatsansa wucewa zai yi. Wannan karon na ƙwacen jaka ya rubuta, a tashar mota. Ya hana a gaya wa mutanen tashar, wai wanda ya san ana ɗauka ba ya tsorata da kyau. Wanda zai fito a ɓarawo bai zo ba, sai shi ya shiga.

Yana fizgar jakar, yarinyar da ta fito a mai jakar ta yi ihun da ya rubuta mata. Wani mai faci ya tare shi da ƙarfe a gwiwa. Ya faɗi, aka rufar masa da katako da bulo. Yarinyar tana rantsuwa wasa ne, aka mare ta, aka ture ta. An ce Auta yana ta nuna inda mai ɗaukar bidiyon ya ɓuya har suka karya hannun. Shi kuwa bai fito ba, wai Auta ya ce kome ya faru kada ya tsayar. Kafin 'yan sanda su zo Auta ya cika. Yaya, da tabon ƙafarsa na gane ɗana.

Yanzu abokan sun saka bidiyon, wai duniya ta ga zalunci. Na roƙe su, sun ƙi. Jiya a layin famfo na ji muryarsa a wayar wata, yana kiran Mama. Ɗanka Dogo ne ya buɗe musu shafin, yana da lambar sirrin. Don Allah ka tsaya a kansa har ya sauke. Matar Auta ta kusa haihuwa. Na ɓoye wayarta, amma ba zan iya ɓoye ta kowa ba.

Ka gaida Gwaggo da maman yara. Ka ce wa Dogo ba fushi nake da shi ba. Kai kuma, don Allah, kada ka kalla.

Ƙanwarka,
Maman Auta