Muryar Akwati a Zaman Makoki

Kiru, daren Laraba, daminar 1957

Yau aka yi sadakar ukun Baba, kuma raina a ɓace yake. Zaure ya cika maƙil, har daga Yako da Ba'awa. Na ɗauka don Baba aka zo. Ashe ni aka zo kallo, ɗan Malam mai magana a akwatin rediyo.

Ana shafa fatiha, Kawu Sale ya matso ya dafa gwiwata. "Ɗana, yi mana sallamar nan da kake buɗe labarai da ita. Baƙi sun zo daga nesa."

Na ce, "Kawu, a kan tabarmar makoki?"

Ya ce, "To ai ba waƙa ba ce."

Na sunkuyar da kai na yi. Wani tsoho ya rufe ido ya ce, "Wallahi shi ne!" Aka kwashe da dariya, ana rabon gumba. Tir! Ji nake kamar in wanke bakina da toka.

Baba kaɗai ne bai taɓa zuwa ƙofar hakimi sauraron akwatin ba. Cewa yake muryar da nake gaishe shi da ita da asuba ta ishe shi.